Gireda Ta Yanki Kufai A Filin Atisaye: Mu Kira Mai Na'ura Ya Kwashe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni injiniyan soja ne, ina kula da aikin fitar da hanya a filin atisaye na wani bariki a jihar Kaduna. Makon jiya gireda ta yanki gefen wani tudu, sai ga fasassun tukwane birjik, da kashin maƙera tsibi-tsibi, da wasu ƙonannun bututun yumɓu. Ɗaya daga cikin yarana ya tsinci guntun kan mutum-mutumi ya jefa aljihu. Ɗan kwangila ya ce ya san wani mai na'urar neman ƙarfe, kwana biyu kacal zai duba ya kwashe duk mai daraja mu ci gaba. An ba ni wa'adi kafin damina. In na tsayar da aiki za a ce na yi zagon ƙasa, in na ci gaba ina tsoron in afka wa doka. Ina mafita? Daga wani Kyaftin, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, yallaɓai. Kwantar da hankalinka, ba duk aikin za ka tsayar ba. Ka janye gireda daga wannan tudun, ka bar tazarar mita 50 ta kowane ɓangare, injina su koma wani sashen hanyar. Kashin maƙera tare da bututun yumɓu alama ce ta wurin narkar da tama, bututun nan ta cikinsu iska ke shiga murhu. Idan barikin na kudancin jihar ne, wajen Kachia, Kagarko ko Jaba, kan mutum-mutumin nan zai iya zama na Nok, al'ummar da ta faro tun kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Idan arewa ne, ƙasar Turunku har zuwa Zariya cike take da kufayi da matoyar tama.

Ta fuskar doka kuwa, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, ta hana kowa tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta kuma wajabta kai rahoton abin da aka ci karo da shi cikin kwana bakwai. Katangar bariki ba ta ɗauke wannan ba. Ka rubuta wa kwamandanka yau, ka nemi a aika takarda zuwa gidan tarihi na Kaduna da ke titin Ali Akilu, a ba sashen nazarin kayan tarihi na ABU Zariya kwafi. Kafin nan ka ɗauki hotuna da ruler ko tef ɗin awo a gefen kowane abu, ka nuna inda arewa take, ka rubuta lambobin GPS. Kada a tsinci ko tsingaro ɗaya.

To, mu zo kan mai na'ura, don nan ne batun yake.

Kada ka bar shi ya taka filin nan. Wannan ra'ayi na cewa kufai ma'ajiya ce, a zo da na'ura a ciro mai daraja a share saura, ya lalata wuraren tarihi a jihar nan fiye da zaizayar ƙasa, kuma a filin soja yana iya cin rai. Na'urar ba ta ganin yumɓu. Ba ta ganin gawayi, ba ta ganin dutsen niƙa ko gatarin aradu, wato kusan duk abin da ke wurin ta wuce shi. Ƙarfe kawai take ji. A tudun da ke cike da kashin maƙera za ta yi ta ƙara ko'ina, mai ita kuwa ya yi ta sara da diga. Sannan kai ka fi ni sanin abin da ke kwance a ƙarƙashin filin atisaye: kan igwa da bai tashi ba, gurneti, harsashin igwar mortar. Ƙarar da na'ura za ta yi a kan kashin maƙera ita za ta yi a kansu. Tsufa da tsatsa ba sa kashe bam, sai ma su sa kunamarsa ta ƙara saurin tashi. Ma'ajiyar makamai ta Ikeja ta fashe a watan Janairun 2002, amma har a 2023 sojoji na kan kwashe ragowar bama-bamai a wurin. Ko ƙwararren masanin tonon kayan tarihi ba ya kafa turke a irin wannan fili sai sojojin kwance bam sun share masa sun sa hannu. Ballantana wani da ya sayo na'ura a intanet.

Kuma wai me ake nema? Kullum labarin ɗaya ne. Wai Turawa sun binne zinariya a ƙarƙashin dutsen safiyo, wai akwai wani sinadari mai tsada da ake kira jan makuri a cikin tsofaffin ƙarafa, wai wani malami ya buga ƙasa ya ga tulu bakwai da aljani ke gadi. Kallon kitse ake wa rogo. Dutsen safiyo siminti ne da ƙusa a tsakiya, in ka tumɓuke shi ka ɓata ma'aunin taswira, shi ke nan. Jan makuri babu shi, 'yan damfara ne suka ƙirƙiro. Masu binciken Jami'ar Goethe ta Frankfurt sun fara aiki a ƙasar Nok tun 2005, sun tona wurare da dama, abin da suka yi ta samu shi ne tukwane, duwatsun niƙa, guntayen mutum-mutumi da ƙonannen gero. Shi mai na'ura ya san haka sarai. Kan yumɓun nan yake hari, na'urar hujjar shiga bariki ce kawai. Tun 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Nok a jerin abubuwan da ake wawashewa daga Afirka, kuma ta irin wannan hanya suke fita.

Ko da mai gaskiya ne, kwashewar ita ce ɓarnar. Darajar abu tana cikin inda aka same shi: zurfinsa, ƙasar da ke samansa, abin da ke kwance kusa da shi. Ƙwayar gero guda da ta ƙone a gindin murhu ta isa a yi gwajin kabon a san shekarun wurin. In diga ta cakuɗa ta da tokar ƙunar dajin bara, zancen ya ƙare, babu ɗakin gwajin da zai raba su. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara ciro kayan Nok, wani masanin kayan tarihi ɗan Birtaniya mai suna Bernard Fagg ya gane alaƙarsu a shekarun 1940, amma da yake daga cikin laka da yashin ma'adinai suka fito, an daɗe ana laluben shekarunsu. Mutum ya cika buhu da tsingaro ya kai gidan tarihi yana jin ya yi ceto, alhali ba wanda zai iya cewa wanne ya fito daga ina.

Ga yadda aikin gaske yake tafiya, kuma bai kai tsawon da kake tsoro ba. Bayan masu kwance bam sun gama, mutum biyar zuwa shida za su jera a layi, tazarar mita 10 tsakaninsu, su taka filin suna sa alama a duk inda kaya suka yi yawa. Rani ne lokacinsa, sa'ad da ciyawa ta ƙone ƙasa ta fito fili, don haka yanzu ya fi sauƙi a kan bayan ruwa ya sauka. Za su goge bangon da gireda ta yanka da cokalin gini su zana jerin ƙasar. Daga nan a yi 'yan ramukan gwaji, mita 1 faɗi mita 1 tsawo, ana sauka santimita 10 a kowane zubi, ana tankaɗe ƙasar a rariya mai ido milimita 5. Gawayi a ɗauke shi da bakin cokali a naɗe a takardar alminiyam. Wannan zai nuna iyakar kufan. Sau da yawa karkatar da hanya 'yan mitoci ya wadatar. In babu halin karkatarwa, a tone iya faɗin hanyar bisa ƙa'ida, ko a shimfiɗa yadin kariya a zuba yashi mai tsabta a gina a kai ba tare da an yanki ƙasa ba.

Sauran wurin a sa shi a taswirar bariki a matsayin inda ba a tono. Ban da ramin ɓuya, ban da ɗibar burji, ban da juya tankar yaƙi da damina, don sarƙarta kan dagargaza tukwanen da ke kusa da saman ƙasa. Ramin burji shi ne babban mai cin kufai, ka sa ido a kan inda ɗan kwangilarka ke ɗiba. Allon da za a kafa ya ce an hana tono kawai, kada a rubuta kayan tarihi, gayyatar ɓarayi ce. Filin soja ma yakan fi gonaki da unguwanni adana kufai, tunda babu garma babu fuloti. Filin atisayen Salisbury a Ingila na ɗauke da dubban wuraren tarihi, kuma ana atisaye a kansa har gobe.

Na san takarda za ta iya kwana a tebur uku kafin ta fita ƙofar bariki, hukumar ma ta ce babu kuɗin mai. Kada ka jira. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa, shi ne kariyarka idan aka tuhume ka da jinkiri, sannan ka nemi kwamanda ya ba da mota da takardar shiga ga masu binciken. Yaron da ya ɗauki kan kuwa, ka karɓa cikin lalama, kada ka hukunta shi, in ba haka ba na gaba zai ɓoye nasa. Kada a wanke shi, kada a liƙa da gam. A naɗe shi a takarda mai laushi a sa a kwali, a kai yaron ya nuna daidai inda ya tsince shi tun bai manta ba, a rubuta lambar GPS a jikin kwalin.