Shin bulala ce ta riƙe rundunar Makidoniya?

Tambaya: Malam, ana cewa tsananin horo ne ya ba sojojin Iskandar Mai Girma, sarkin tsohuwar daular Makidoniya da ke arewacin Girka, nasara. Wace irin doka ce ta riƙe su a sansani? Bulala ko kisa?

Amsa: Akwai bulala, akwai kisa, amma ba su ne ginshiƙin ba. Mahaifinsa Filib na biyu, wanda ya hau mulki a shekara ta 359 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya kafa tsarin, kuma da kaya ya fara. Ya hana amfani da amalanke. Mahayin doki bara ɗaya, dakaru goma bara ɗaya mai ɗaukar dutsen niƙa da igiyoyi. Kowane soja shi zai goya garin da zai ci na kwana 30. Yakan sa su tafiyar fiye da kilomita 50 ɗauke da makamai. Rundunar da ta rage kaya takan iso kafin abokin gaba ya shirya.

Manya ma ba su tsira ba. An ruwaito Filib ya tuɓe wani kwamanda daga muƙaminsa don ya yi wanka da ruwan ɗumi a sansani, yana cewa a Makidoniya ko mai jego ba ta yin haka. Mu da muka saba da wankan jego da tafasasshen ruwa, wannan zai ba mu mamaki. Ya kuma kori hafsoshi biyu daga ƙasar don sun shigo da zabiya sansani.

Hujjar da ta fi burge ni ita ce dokar da aka tono rubuce a dutse a birnin Amfifolis na Makidoniya, ta zamanin sarki Filib na biyar, wajen shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta zo fiye da ƙarni guda bayan Iskandar, ka riƙe wannan. Tarar kuɗi ce ta cika ta. Wanda aka samu ba hular kwano, obol 2 (obol ƙaramin kuɗi ne na lokacin). Ba takobi ko dogon mashin nan sarisa, obol 3. Ba garkuwa, dirakma 1, wato obol 6. Hafsa kuwa ninki biyu zai biya. Mai gadin dare da aka tarar a zaune ko yana barci, dirakma 1, kuma masu sintiri ba sa riƙe fitila, don kada a hango su.

Dubi yadda tarar garkuwa ta ninka ta mashi. A ganina dalilin shi ne sahu: wanda ya zo ba garkuwa ya buɗe ƙofa a kan na kusa da shi.