Shin Fagge tana cikin birnin Kano?

Malam, ka tambaya ko Fagge tana cikin birni, da kuma inda iyakokin unguwannin tsakiyar Kano suke. A wurin Bakano, birni shi ne abin da badala ta kewaye, saboda haka Fagge a waje take, duk da cewa wanda ya fito ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Wambai bai yi nisa ba zai riske ta. Daga can sai Sabon Gari, wadda a yau take ƙarƙashin ƙaramar hukumar Fagge.

Cikin ganuwa kuwa ƙananan hukumomi uku ne suka raba shi. Yakasai da Zango da Sheshe suna Birni da Kewaye, inda Gidan Rumfa yake. Gwammaja da Yalwa suna Dala. Mandawari da Galadanci suna Gwale. Sai dai iyakar hukuma ba ta bi badala ba, domin Sharaɗa ta Birni da Kewaye da Ɗorayi ta Gwale duk a waje suke.

Iyakar unguwa da unguwa ita ce mai wuyar ganewa, domin sau da yawa lungu ne guda ko kwata, kuma abin da yake damuna shi ne yadda ake cin badalar da gine-gine har alamar ƙofa kaɗai ta rage. Idan takardar gida ce ta sa ka tambaya, ka nemi mai unguwar wurin.