Ku Tambaya: Shin Bulalar Fim Ɗin Bauta Ƙari Ce?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na kalli 12 Years a Slave da ƙannena, wurin da aka ɗaure baiwar nan Patsey ana zane ta sai da na kashe talabijin. Maigidana ya ce Turawa ne ke ƙara gishiri don fim ya sayu. Haka ne? Kuma mu ba mu da irin wannan fim ne?
Maman Hanifa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Maman Hanifa, ki gaida maigida, amma wannan karon bai canka ba. Fim ɗin na 2013 daga littafin Solomon Northup aka ɗauko shi, baƙar fata ne, ɗa mai 'yanci daga New York da aka sace a 1841, aka sayar a Louisiana, bai kuɓuta ba sai 1853. Dukan Patsey yana cikin littafin, har da dalilinsa: ta je maƙwabta neman sabulun wanka. Awon auduga da yamma, da bulala ga wanda nasa bai cika ba, shi ma da idonsa ya gani.

Inda finafinan nan ke karkata daban ne. Mai kallo zai ɗauka Amurka ce ta haɗiye bayin duka. Alhali cikin mutum kusan miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen ruwa daga Afirka, waɗanda aka kai can kai tsaye ba su kai rabin miliyan ba. Birazil ce ta kwashi kaso mafi tsoka, da Hausawa a ciki. A 1835 bayi Musulmi suka yi bore a Bahiya, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Wannan labari ya fi ƙarfin a bar shi a kwandon shara, amma masu kamara sun fi son gonar auduga.

Namu kuwa akwai: Shaihu Umar, na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976. Yaro aka sace, aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu ita ma ta faɗa bauta. Babu Bature mai bulala a ciki, 'yan gida ne ke kamu, shi ya sa ba ya mana daɗin kallo. Nan Filato ma dattawa na da labarin hawa duwatsu don gudun mahara, kuma sai 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewa. An gyara fim ɗin Shaihu Umar, an nuna shi a Berlin a 2018. Hukumar fim ta ƙasa tana nan Jos, ki fara tambaya daga can.