Filta FM a kan murya da kalangu: sai na sayi Sherman ne ko akwai mai sauƙi?

Tambaya: Salam Malam. Ina da ɗan sitidiyo a gida, da FL Studio nake aiki. Na ga wani bidiyo an saka ganga cikin Sherman Filterbank ana murɗa wajen da aka rubuta FM, sautin ya koma kamar ƙarfe yana kuka, wallahi ya burge ni sosai. Da na duba kuɗinsa sai jikina ya yi sanyi. Dan Allah akwai hanyar da zan yi wa murya ko kalangun da na ɗauka irin wannan ba tare da na sayar da babur ɗina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, bar babur ɗinka. Sherman ɗin nan wani mutumin Beljiyam ne mai suna Herman Gillis ya ƙera shi tun wajen 1996, kuma kaya ne na gaske ba musu, amma abin da ya burge ka ɗin ba sirrinsa ba ne shi kaɗai. Abu uku kawai ake buƙata: filta mai karɓar sauti daga waje, ƙofar da za a juya kotof ɗinta (wato iyakar da filta ke yanke sauti) da wani sigina, sai osileta (wato abin da ke samar da sautin lantarki) mai gudu sosai. Duk inda ukun nan suka haɗu ka samu, ko a akwatin dala dubu ko a manhajar kyauta.

Bari in ɗan faɗa maka abin da ke faruwa a ciki, don in ka gane shi ba mai sayar maka da abin da ba ka buƙata. Ka ce "aaa" kana rufe baki da tafin hannu kana buɗewa, za ka ji wawa-wawa, to aikin filta ke nan idan ana motsa kotof a hankali. Idan motsin ya wuce kamar sau 20 a daƙiƙa ɗaya kunne ba ya iya binsa kuma, sai ya daina jin motsi ya fara jin sabon sauti. Misali a muryar akwai sautin 440 Hz (girgiza 440 a daƙiƙa) kai kuma osiletarka tana 100 Hz, za a haifi wasu a gefe da gefe, 340 da 540, in ka ƙara zurfi 240 da 640 su ma su leƙo, kuma haka zai faru da kowane sautin da ke cikin muryar, shi ya sa take komawa kamar ƙararrawa ko mutum-mutumi. Wannan shi ne filta FM. Dangin FM ɗin da John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford a 1967 ne, wanda Yamaha ta yi kibod ɗin DX7 da shi a 1983, sai dai can osileta ake girgizawa, nan kuma filta.

Toh me ya sa ba za ka ɗora filtar da ka saba da ita ka ƙure LFO (osiletar nan mai motsi a hankali) kawai ba? Saboda yawancin LFO na fulogin ba sa kaiwa gudun da ake so, kuma otomeshan (zana motsin kotof a cikin FL) ba ya bin sauti ɗigo-ɗigo, tsalle yake yi, abin da za ka samu ƙarar-ƙarar ce mara daɗi. Kar ka ɓata darenka a nan.

Ni shawarata ka fara da kyauta. Sauke Cardinal, fulogin ne da aka gina a kan VCV Rack (manhajar haɗa na'urorin sauti da wayoyi a kwamfuta), ba ko sisi, kuma akwai nau'insa CardinalFX wanda za ka ɗora kai tsaye a layin miksa inda muryar take. Shi VCV Rack ɗin kansa wanda Andrew Belt ya fitar a 2017 akwai na kyauta, amma shi kaɗai yake tashi, wanda ke shiga cikin FL na kuɗi ne, shi ya sa na ce Cardinal. A ciki ka ɗauko VCF (filta) ɗaya da VCO (osileta) ɗaya, ka ja waya daga shigar sauti zuwa VCF, daga VCF zuwa fita, sannan ka ja fitar sain (sine) ta VCO zuwa ƙofar kotof. Shi ke nan fa, waya uku. In ka ji wani tsiwa-tsiwa a sama wanda ba ya tafiya da kiɗan, ɗaga samful ret daga 44.1 zuwa 88.2 ko 96 kHz in kwamfutarka za ta ɗauka, yana raguwa sosai. Masu son haɗa abu da hannunsu kuma akwai Pure Data, vcf~ ɗinta tana karɓar sigina mai gudun sauti, ita ma kyauta ce.

In kuma dole sai ka taɓa noba da yatsa, wanda na fahimta don murɗawa da linzami ba ya ba da irin wannan daɗin, Behringer Neutron zan nuna maka. Ya fito a 2018 a kan kusan dala 300, na hannu ya fi sauƙi, a naira kam sai yadda dala ta kwana. Ka saka sautinka a VCF IN, ka ja waya daga fitar OSC 2 zuwa FREQ MOD, MOD DEPTH shi ne zurfin. Abin da ke rikita sababbi shi ne su gama haɗawa su ji shiru su ɗauka kaya ya lalace, alhali VCA (mai buɗe ƙarfin sauti) ce a rufe tana jiran a danna maɓallin kibod, murɗa VCA BIAS kawai ta buɗe. Model D nasu ma yana yi, tunda kwafin Minimoog ne na 1970: ka kashe osileta ta uku a miksa, ka mai da ita mai girgiza filta, amma shi sai ka riƙe nota kafin sauti ya wuce, abin yana da ɗan takura. Akwai kuma Korg Monotron na asali na 2010, ɗan mitsitsi mai cin batir AAA biyu, yana da ƙofar AUX da filta irin ta tsohuwar na'urarsu MS-20, LFO ɗinsa kuma yana hawa har gudun sauti. Yana da shuuu a ƙasa kuma sabo ya yi wuya, amma in ka ci karo da shi da arha ɗauka, ko ba wuta yana aiki. Ka tabbata dai na asalin ne, Delay da Duo tsarinsu daban.

Duk waɗannan mono ne, kuma kar ka cusa makirfo kai tsaye, siginarsa ta yi rauni. Ɗauki muryar tukuna, ka fitar da ita ta saunkad zuwa na'urar, ka dawo da ita ta wata ƙofa ka sake ɗauka.

Wajen murɗawa kuma, rezonans (mai ƙara kaifin sauti a daidai kotof) shi ne rabin aikin. In yana ƙasa da ƙyar za ka ji wani abu, ɗaga shi har filta ta kusa fara yin fito da kanta sannan ka ɗan ja baya. Zurfi kuwa kaɗan-kaɗan, mutane suna ƙurewa ne tun farko komai ya zama hayaniya sai su ce abin ba ya da amfani. A murya ka saita osiletar a kan kiy ɗin waƙar ko oktef ɗaya ƙasa, in ba haka ba za ta yi faɗa da piyano, kuma ka bar asalin muryar a ƙasa ka haɗa su, don kalmomi suna narkewa da wuri kuma mai sauraron waƙar Hausa baiti yake bi. Kalangu ya fi ban sha'awa a wurina, tunda shi da ma sautinsa hawa da sauka yake yi in an matse tsirkiya, osileta tana tsaye wuri ɗaya shi yana yawo, sai kowane bugu ya fito da kalarsa daban. A kansa ba ruwanka da kiy, fara daga wajen 60 Hz ka hau a hankali zuwa 300 kana saurare, ka danna rikod tun kafin ka fara murɗawa don wurin da ya yi daɗi ba ya cika dawowa daidai, daga baya ka yanko inda kake so.