Tiyatar kyamara: me binciken likita ke ƙara wa mara lafiya?

Tambaya: Salam likita. Daga Unguwar Rogo nake a Jos. An ce za a cire wa Mamanmu madaciya saboda tsakuwa, wai da kyamara za a yi ba sai an farka ciki ba. Yayana ya duba likitan a intanet yace ya wallafa bincike da yawa a kan irin wannan aikin. Shin hakan na nufin ya fi iyawa? Kuma wai me binciken ke tsinanawa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Toh, yawan takardu alama ce mai kyau amma ba shi ne ma'auni ba. Mu abin da muke kallo shi ne ko binciken ya canza abin da ake yi a ɗakin tiyata.

Aikin da za a yi wa Mama laparoskopi ake ce masa. Bayan allurar barci sai a hura wa cikin iskar kabon ya ɗan taso, a yi huda uku ko huɗu, kowace kamar milimita 5 zuwa 10, a zura kyamara ta wajen cibiya, likita na kallon talabijin yana aiki da dogayen almakashi da hantsaki. Zafin ciwon ba ya kai na yanka, gurin na saurin warkewa, yawanci kwana ɗaya ko biyu an sallami mutum.

Kinga wannan duk bincike ne ya kawo shi, kuma da gardama ya zo. Kurt Semm a garin Kiel na Jamus ya cire afendis ta wannan hanya a 1980, abokan aikinsa suka yi masa caa. Wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya cire madaciya ta wannan hanya a 1985 shi ma aka yi watsi da shi sai daga baya aka yarda. Da aikin ya bazu a farkon shekarun 1990 sai aka lura ana yawan ji wa babban bututun da ke kai ruwan madaciya hanji rauni fiye da lokacin yanka, kuma raunin nan ba wasa ba ne wallahi, mutum na iya shekaru yana fama da shawara da tiyata kan tiyata. A 1995 Steven Strasberg a Amurka ya fito da ƙa'ida, cewa kar ka datse komai sai ka share gurin tas ka ga abu biyu kacal na shiga madaciyar, ƙaramin bututunta da jijiyar jininta. Yau duk ɗalibin da na koya wa aikin nan, in bai nuna min wannan a talabijin ba to ba zai sa kilif ba, wato ɗan maƙalin da ake matse su da shi kafin a datse. Irin wannan nake kira bincike mai tasiri, takarda ɗaya amma tana tsare mutanen da ba su ma san sunan mai ita ba.

Wani lokacin ma tasirin shi ne a ce a dakata. A 2004 babban gwaji a Amurka ya nuna a sankarar babban hanji kyamara ba ta sa cutar ta fi dawowa, sai aka saki jiki. Amma a 2018 gwajin da Pedro Ramirez ya jagoranta ya nuna a sankarar bakin mahaifa matan da aka yi wa ta ƙananan huda sun fi samun dawowar cutar da mutuwa, dole aka koma yanka. Ni ina girmama likitan da zai wallafa sakamakon da bai yi wa sana'arsa daɗi ba.

Lambobin da ake gani a intanet kuwa, kamar a Google Scholar, shafin da ke jera rubuce-rubucen masana, yawan ambaton da wasu masana suka yi wa rubutun likita ne suke nunawa, ba sa nuna iya hannu. Kuma ga shi akwai mujallun da in ka biya kuɗi za su buga maka komai. Abin da ya fi burge ni shi ne likitanmu na gida da ya bibiyi marasa lafiyarsa ya rubuta gaskiya, masu sikila da tsakuwar madaciya ke yawan kamawa tun suna yara, masu zuwa a makare bayan an sha jiƙe-jiƙe madaciyar ta kumbura ta manne da hanji, da yadda ake yi in wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi. Binciken Turai ba zai amsa mana waɗannan ba.

Dan haka ranar ganin likita ki tambaye shi kai tsaye: sau nawa yake yin wannan aikin, sau nawa yake komawa ya buɗe ciki a tsakiyar aiki, kuma in aka samu rauni a bututu wa zai gyara. Mai bin diddigin aikinsa zai amsa miki ba tare da ɓacin rai ba. In kuma aka fito aka ce an buɗe cikin Mama kar hankalinku ya tashi, sau da yawa shi ne matakin da ya fi aminci. Ku kuma faɗa masa in tana da hawan jini, suga ko ciwon zuciya, ko an taɓa yi mata tiyata a ciki, ku tafi da duk magungunan da take sha.