Kutse da izini: ina iyakarsa take?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai bambanci tsakanin ɓarawon intanet da ƙwararren da kamfani ke biya ya kutsa cikin kwamfutocinsa, tunda dabarunsu ɗaya ne. Akwai bambanci sosai, kuma tushensa rubutacciyar yarjejeniya ce wadda ta fayyace na'urorin da zai taɓa, da lokacin aikin, da inda zai dakata.

Sai dai izinin ma dole ya fito daga mai haƙƙin bayar da shi. A shekarar 2019, hukumar kula da kotunan jihar Iowa ta Amurka ta ɗauki kamfanin Coalfire ya gwada tsaronta. A watan Satumba, ma'aikatansa biyu suka shiga kotun gundumar Dallas da ke jihar da tsakar dare, ƙararrawa ta kaɗa, suka tsaya har jami'an tsaro suka iso, suka nuna takardar izininsu, amma duk da haka aka tsare su bisa hujjar cewa ginin mallakar gunduma ne, ba na jiha ba. Sai a Janairun 2020 aka janye tuhumar.

Abin da ya fi damuna shi ne riƙon amana bayan an shiga. Wanda ya tarar da lambobin asusun mutane bai kamata ya kwashi fiye da abin da zai kafa hujja da shi ba, kada kuma ya bar wa kansa ɓoyayyar ƙofa, rahotonsa kuwa wanda ya ba shi aikin kaɗai zai miƙa wa. Idan a Najeriya kake, dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, don haka kada ka fara gwaji kafin a sa hannu a takarda.