Amsa: Tuƙa a-kori-kura babu salansa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce salansar a-kori-kurarka ta gutsure tun daga bakin inji, kana tambaya ko za ka ci gaba da ɗaukar kaya tsakanin Jega da Birnin Kebbi kafin kuɗin gyara su samu. Don Allah kada ka yi.

Ƙarar ce ƙaramar matsala, duk da cewa sautin da ya wuce desibel 85 a ma'aunin ƙara yana cin kunne a hankali. Hayaƙin nake jiye maka. Yanzu kusa da ƙafarka yake fita, ba bayan mota ba, yana shigowa ta ramin giya da tsagar bodi. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba wari ba launi, kuma jini yana kama ta fiye da oksijin sau sama da 200. Da ciwon kai take farawa, sai jiri, sai gyangyaɗi a kan sitiyari. Lokacin hunturu da ake rufe gilashi abin ya fi muni, musamman in motar mai fetur ce.

Ga kuma gobara. Zafin yana dukan wayoyi da tiyon mai kai tsaye, tartsatsi na fita. In harawa ka ɗauko ko ka tsaya kan busasshiyar ciyawa, sai dai Allah Ya kiyaye. 'Yan VIO masu duba lafiyar motoci ma ba za su ƙyale ka ba.

Ka kai wa mai walda ya haɗa bututun, ko da na hannu ne. In dole sai ka tuƙa ta zuwa gareji, ka sauke gilasai duka, kuma kada ka ɗauki yara.